Yadda Ake Shirya Oba-obar Jirgin Ruwa Kafin a Bar Gaɓa

Tun da aka fara ganin wayar oba-oba a hannun matuƙa kwale-kwale da jiragen fasinja, tambayoyi iri ɗaya ke ta zuwa mana. Wace iri zan saya? Me ya sa batir ke mutuwa tun kafin la'asar? Me ya sa nake jin abokina, shi kuwa ba ya ji na? Wace tasha zan kira idan inji ya tsaya a tsakiyar ruwa? Wannan jagora amsa ce ga dukkansu, kuma ta shafi mai fito tsakanin Zamare da Rofia, da masunci a tafkin Kainji, da 'yan'uwa masu neman abinci a ruwan Legas ko a Yeji bakin tafkin Volta.

Wani zai ce ai yana da wayar salula. Wayar salula raɗa ce a kunnen mutum ɗaya, shi ma sai akwai sabis, sai akwai kati, sai ya ɗauka. Oba-oba kuwa shela ce, duk jirgin da ke kusa kuma ya kunna tasa zai ji ka a take. Amma ba ta amfanar kowa sai abu uku sun haɗu: tana da caji, tana jikinka, kuma akwai wanda ke sauraro. Matakan nan duk a kan waɗannan ukun suke.

Mataki na 1: Tabbatar da irin wadda ke hannunka

Ba kowace oba-oba ce ta ruwa ba. Ta ruwa tana aiki a zangon VHF, daga megahaz 156 zuwa 162, kuma tashoshinta a shirye suke zuwa daga kamfani da lambobinsu. Duba fuskarta: za ka ga maɓalli na musamman mai lamba 16, wanda da dannawa ɗaya zai kai ka tashar neman agaji. Idan babu shi, to ba ta ruwa ba ce.

Sai ka juya bayanta ko kwalinta ka nemi alamar IPX7 ko IPX8. IPX7 na nufin za ta iya nutsewa zurfin mita 1 har minti 30 ruwa bai shige ta ba. IPX8 ta fi haka. Wadda aka rubuta wa IPX4 yayyafi da fantsamar ruwa kawai take jurewa, kada ka shiga jirgi da ita. Abu na uku, ka nemi wadda ba ta nutsewa. Da yawa daga cikin na zamani idan sun faɗa ruwa sukan taso sama, wasu har da fitila mai walƙiya don a gan su da duhu.

Sanannun kamfanoni su ne Icom, Standard Horizon, Cobra da Uniden. Zan faɗi farashi da dala saboda canji ba ya zama wuri ɗaya. Ta gama-gari mai tasowa saman ruwa, irin su Icom IC-M25 ko Standard Horizon HX210, tana kaiwa kusan dala 100 zuwa 150 a inda ake sayar da ita, ban da kuɗin shigowa da ribar dila. Mai GPS (tsarin da ke nuna wurin da kake) da jan maɓallin neman agaji, irin HX890 ko IC-M94D, tana farawa daga wajen dala 200 ta haura 300. Idan mai batir da ake cirewa ce, ka ware wasu kuɗi tun farko don batir na biyu, domin shi ne abin da kowa ke mantawa.

Hattara: ƙananan oba-oba masu arha irin na masu gadi da 'yan sintiri, kamar Baofeng UV-5R, ba don ruwa aka yi su ba. Ana iya cusa musu lambobin tashoshin ruwa, amma igiyar ruwa ɗaya ta isa ta kashe su. A ganina gara ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi ta gaske guda biyu da kowa ya riƙe ta bogi.

Mataki na 2: Takardu

Karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, ka ɗauki hotonsa a waya, ka sa asalin cikin leda. Sannan ka je ofishin hukumar da ke kula da ruwan da kake aiki ka tambayi sharaɗin izini. A Najeriya, hanyoyin ruwa na cikin gida suna hannun NIWA mai hedikwata a Lokoja, harkar teku kuma tana hannun NIMASA. A ƙasashe da yawa amfani da rediyon ruwa sai da lasisi, kuma ajiye ta a tudu a riƙa magana da jirage yana da nasa izinin daban.

Hattara: a yankunan da ake fama da matsalar tsaro, oba-oba abu ce da jami'an tsaro ke sa wa ido, kuma suna da hujja. Kada ka bari sai an tsayar da kai sannan ka fara bayani. Shugaban ƙungiyar matuƙa ko Sarkin Ruwa ya kai sunayen masu riƙe da ita da lambobin na'urorin ga jami'an da ke yankin, kowa ya riƙa yawo da katin ƙungiya da kwafin rasit.

Idan taka mai jan maɓalli ce, tana buƙatar lambar shaida mai alƙaluma tara da ake kira MMSI. Hukuma ce ke bayarwa, kuma a cikinta akwai alƙaluma uku na ƙasa: 657 na Najeriya, 656 na Nijar, 627 na Gana. A yawancin na'urori sau ɗaya tak ake barin mai ita ya shigar da lambar, idan ka yi kuskure sai an koma wajen dila. Ka rubuta a takarda, wani ya karanto maka, kai kana dannawa.

Mataki na 3: Saitin farko

Wannan aikin zaune ake yin sa a gida, da littafin na'urar a buɗe.

Fara da rukunin tashoshi. Na'urorin suna zuwa da zaɓi uku: USA, CAN da INT. Biyun farko na Amurka da Kanada ne. Mu namu INT, tsarin ƙasa da ƙasa. Wadda aka sayo daga Amurka yawanci a kan USA take zuwa, kuma a can wasu tashoshin lambarsu ɗaya da tamu amma zangonsu daban. Ga mutum biyu sun sa lamba iri ɗaya, ba sa jin juna, kowa yana zargin na'urarsa. Maɓallin WX na hasashen yanayi shi ma na can ne, a nan ba zai kamo maka komai ba.

Sai zaɓen tasha. Tasha 16 ta neman agaji ce da kiran farko kawai, ba a hira a kanta. Kana samun wanda kake nema, ku koma wata. Tashoshin da aka ware wa jirgi da jirgi su ne 6, 8, 72 da 77, amma da yake masu aikin ceto na amfani da 6, ku zaɓi ɗaya daga sauran ukun ta zama tashar aikinku. Tasha 70 ba a magana a kanta sam, ta saƙon jan maɓalli ce. Idan kana kusa da babbar tashar jiragen ruwa irin ta Apapa, ka nisanci tashoshin da ma'aikatanta ke aiki da su.

Hattara: tashoshi irin su 24 zuwa 28 suna aikawa ta zango ɗaya, suna karɓa ta wani, don an yi su ne domin magana da tashar tudu. Oba-oba biyu ba za su taɓa jin juna a kansu ba ko da kuna zaune a benci ɗaya.

Na uku, SQL. Shi ne ke toshe ƙarar shuuu da ake ji idan ba kowa a layi. Sauke shi ƙasa har ƙarar ta fito, ka daidaita ƙarfin murya da ita, sannan ka riƙa ɗaga shi a hankali. Daidai inda ƙarar ta ɗauke, tsaya nan. Mutane da yawa suna murɗe shi har ƙarshe don su huta da hayaniya, ba su san sun toshe muryar mai kira daga nesa ba, wanda watakila shi ne ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Na huɗu, kunna sauraron tasha biyu, wanda ake rubuta wa DW ko DUAL, domin ta riƙa leƙa 16 kana kan tashar aiki. Daga nan ka koyi kulle maɓallai, saboda goga na'urar da jiki kan canza tasha ba ka sani ba.

Mataki na 4: Batir

Mafi yawan koke-koken da ake kawowa, idan aka bi diddigi, a batir suke ƙarewa, don haka zan daɗe a nan.

Idan kwali ya ce batir na kai awa 10, ka san yadda suka lissafa. Ƙa'idarsu ita ce kashi 5 cikin ɗari magana, kashi 5 sauraro, kashi 90 jira shiru. Wato a cikin awa 10 ɗin, minti 30 kacal aka ba ka na magana. Matuƙin da ya mayar da ita abin hira da tsokanar abokai, kafin azahar ya cinye rabon yini. Magana ce ke shan wuta, musamman a babban ƙarfi. Oba-oba ta hannu tana da ƙaramin ƙarfi na wat 1 da babba na wat 5 ko 6, ana sauyawa da maɓallin H/L. Wanda kake hangowa da ido, wat 1 ya ishe ku. Ka ajiye babban ƙarfi don nesa da kuma neman agaji.

Ga tsarin caji. Daren da za ka yi tafiya, kashe na'urar, ka tabbatar ta bushe, ka ɗora ta a cajarta ta asali a wuri mai inuwa da iska. Tsaya ka ga fitilar caji ta kama kafin ka juya baya, domin sau da yawa na'urar kan zauna a karkace ta kwana ba ta sha komai ba. Idan ta cika, cire ta. Wasu, irin IC-M25, ta USB ake yi musu caji, don haka fawa banki ko ƙaramar sola za ta wadatar a ƙauyen da babu lantarki. Masu mazaunin caji kuma galibi akwai igiyar da ke haɗa su da batirin mota mai bolt 12. Idan da janareto kake caji, bari ya daidaita tukuna kafin ka jona, kuma ka cire kafin a kashe shi.

Hattara: zafi shi ne babban abokin gaban batirin litiyam. Kada a yi masa caji idan zafin jikinsa ya kai digiri 40 zuwa 45, alhali a watan Maris da Afrilu rana a ƙasar Yawuri kan haura 40 ko a inuwa. Na'urar da ta wuni a kan murfin inji ko cikin mota a rufe, bar ta ta huce kafin ta ga caja. Kuma kada ka taɓa jona ta da jiƙa.

Kada ka yarda da sandunan da ke kan allo kawai. Tsohon batir yakan nuna a cike yana zaune, da ka fara magana ya zube. Gwada shi haka: koma tashar aikinku, sa babban ƙarfi, danna maɓallin magana na daƙiƙa uku kana faɗin sunan jirginka, idonka a kan alamar batir. Idan ta faɗo daga cike zuwa sanda ɗaya, ko allon ya ɗauke ya dawo, batirin ya gama aiki. Irin wannan batir yakan jure caji kamar sau 300 zuwa 500, don haka mai fita kullum ya sa ran canzawa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Rubuta watan da ka saya a jikinsa da alƙalamin maka. Wanda ya kumbura har murfi ba ya rufuwa daidai, cire shi nan take, kada ka huda shi, kada ka jefa shi wuta.

Batir na biyu ya zauna a cike cikin leda mai zif, kana musanya su duk mako don kada ɗaya ya tsufa a ajiye. Wasu na'urori suna da gidan batir da ake zuba ƙananan batura AA ko AAA. Yana da amfani ranar da komai ya ƙare, amma ka sani a yawancinsu ƙarfin aikawa yana raguwa, kuma sai da batura masu kyau irin waɗanda aka rubuta wa alkaline. Baturan tocila masu arha ba sa iya ɗaukar nauyin magana.

Mataki na 5: Duba jikinta tun da dare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da asuba fasinja na kiranka, ana loda buhuna, ba za ka duba komai da natsuwa ba. Minti biyar da dare ƙarƙashin fitila sun isa.

Cire batir ka dubi ƙananan ƙarafan da ke haɗa shi da na'urar. Ya kamata su kasance suna sheƙi kamar zinariya. Idan ka ga wani kore-kore ko farin gari ya taru a gefensu, tsatsa ce ta fara ci. Goge da busasshen ƙyalle ko abin goge fensir, a hankali, ban da wuƙa ko ƙusa.

Sai zoben robar da ke kewaye da mazaunin batir. Bi shi da ɗan yatsa. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi da ya gitta a kansa ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Idan ya tsage ko ya bushe ya yi tauri, a canza shi. Kada ka shafa masa baƙin mai ko basilin, suna lalata roba. Man silikon kaɗan ake sa wa. Mayar da batir har ka ji ya yi ƙas, sannan ka danne murfin ramin caji da na abin sauraro. Alkawarin IPX7 yana aiki ne kawai idan batir, eriya da murafan nan duk suna rufe ruf.

Eriya kuma ka lanƙwasa ta kaɗan ka duba gindinta ko robar ta tsage, ka ɗaure ta da yatsu ba da filaya ba.

Hattara: kada ka danna maɓallin magana babu eriya a jiki, yana iya ƙona na'urar daga ciki. Kada ka ɗauke ta ta eriya, kada kuma ka sa mata eriyar wata oba-oba don kawai ta shiga ramin. Idan ka ga hazo ta cikin gilashin allo, ruwa ya riga ya shiga, ba ta tafiya ba ce sai mai gyara ya gani.

Mataki na 6: Samo wanda zai saurare ka

Wannan ne matakin da na fi damuwa da shi, kuma shi ne wanda kuɗi ba sa saye. A teku, doka ta wajabta wa manyan jirage sauraron tasha 16, kuma NIMASA na da cibiyar haɗa aikin ceto a Legas. A kogi da tafki kuwa, kada ka ɗauka akwai wani a layi sai ka tabbatar da kanka. Duk wanda ya tuna kifewar jirgi a kusa da Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da ta yankin Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, ya san cewa masu fara kai ɗauki mutanen bakin ruwa ne, masunta da matuƙa da gwanayen ninƙaya. Su ne ya kamata su ji kiranka, kuma ba za su ji ba sai an shirya.

Ku zauna a ƙungiyance ku yanke abu huɗu: tashar aiki guda ɗaya, sunan da za a kira kowane jirgi da shi, mai gadin layi, wato mutumin da zai riƙe oba-oba a bakin gaɓa daga fitar jirgin farko har dawowar na ƙarshe, da jirgi mai mai a tanki wanda zai tashi idan an kira. Kafin ka tashi ka gaya wa mai gadin layin inda za ka, mutum nawa ka ɗauka, da lokacin da kake sa ran isa. Ku kuma ajiye ƙa'ida: idan lokacin ya wuce da rabin awa bai ji ka ba, ya fara nema.

Sai maganar nisa, inda ake yawan yaudarar masu saye. Muryar VHF a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, don haka tsayin eriya ya fi ƙarfin wat tasiri. Mutum biyu zaune a kwale-kwale, eriyar kowa mita 1 daga ruwa, iyakar abin da lissafi ya ba su wajen kilomita 8 ne a buɗaɗɗen ruwa. Idan duka sun miƙe tsaye ya kai kamar 11. Idan an kafa eriya a kan sanda mai mita 9 a bakin gaɓa, ya kai wajen 16. Wannan a takarda ke nan. Tsibiri, kwanar kogi, tudu da kurmi duk suna ragewa, har ka ga kilomita 3 zuwa 5 kawai ake samu. Tafkin Kainji tsawonsa ya haura kilomita 130, babu oba-obar hannu da za ta haɗa Yawuri da bakin dam. Mafita ita ce miƙa saƙo daga jirgi zuwa jirgi da daga matsaya zuwa matsaya. Ƙungiyar da ke da hali ta nemi izini ta kafa babbar rediyo mai wat 25 da eriya a sama, a jona ta da batir da sola.

A tafiyarku ta yau da kullum ku riƙa lura da wuraren da murya ke ɗaukewa, kowa ya san su, ya riƙa sanar da gaɓa kafin ya shiga da bayan ya fito.

Mataki na 7: Gwajin murya

Kafin a kwance igiya, kira mai gadin layi ko wani jirgi mai ɗan nisa a tashar aiki, ba a 16 ba. Wanda ke tsaye kusa da kai ba gwaji ba ne, ko na'ura mai karyayyar eriya za ta kai masa. Tambaye shi yadda yake jin ka. Sannan ka tada inji ka sake kira, domin wani injin yana jefa ƙara cikin rediyo, kuma a nan za ka gane ko ƙarfin muryar da ka sa zai rinjayi rurin inji. Mai GPS ya kunna ta a fili ya jira har lambobin wuri su fito a allo, wani lokaci yakan ɗauki 'yan mintoci.

Mataki na 8: Inda za ta zauna a cikin jirgi

A jikinka. Sanya rigar kariya, ka maƙala na'urar a ƙirji ko kafaɗa, ka ɗaure ta da igiya mai tsawon da za ta kai bakinka ba tare da ka kwance ba. Maƙalin bayanta kaɗai ba abin dogaro ba ne. Jirgi idan zai kife ba ya ba da lokacin buɗe akwati, kuma wadda ke tasowa saman ruwa ma igiyar kogi za ta tafi da ita idan ba a ɗaure take ba. Ta zauna a kunne tun daga tashi har sauka.

Wajen magana, riƙe ta eriya na kallon sama, a miƙe. Kwantar da ita yana rage nisa sosai. Bakinka ya kasance kamar faɗin yatsu uku daga makirufo, ka juya wa iska baya. Danna maɓallin gefe, jira daƙiƙa ɗaya, yi magana a natse, ka ce "oba", wato ka gama, ka saki. Muddin kana danne ba za ka ji kowa ba, kuma ka toshe tashar ga kowa.

Hattara: kada matuƙi ya zama shi kaɗai ya iya. Yaron jirgi ya san kunnawa, ya san maɓallin 16, ya san abin da zai faɗa. Wanda ya faɗa ruwa ko ya ji rauni yana iya zama kai.

Mataki na 9: Katin neman agaji

Tsoro yana kwashe magana daga bakin mutum. Rubuta kiran a kati da manyan baƙaƙe, a lulluɓe shi da leda, a ɗaure kusa da mazaunin matuƙi.

Idan rai na cikin haɗari, kamar jirgi na nutsewa, gobara, ko mutum ya faɗa ruwa: danna 16, sa babban ƙarfi, miƙe tsaye idan hali ya yi. Ka ce MAYDAY sau uku, ana furta shi "mede". Faɗi sunan jirginka sau uku. Sannan inda kake, abin da ya faru, yawan mutanen da ke ciki, da taimakon da kake so. Saki maɓalli ka saurara. Idan shiru, maimaita, sannan ka gwada tashar aikinku. A kogi, bayan kalmar farko, yi bayaninka da harshen da masu jin ka suka sani. Misali: "Mede, mede, mede. Jirgin Alheri ne, jirgin Alheri, jirgin Alheri. Muna tsakanin Rofia da Zamare, mun fi kusa da Zamare. Mun daki kututture, ruwa na shiga. Mu talatin ne, akwai yara. A kawo jirage. Oba."

Wurin da kake shi ne mafi muhimmanci, shi ya sa yake zuwa da wuri, ko batir ya mutu a tsakiyar magana an san inda za a nufa. "Muna tsakiyar ruwa" ba kwatance ba ne. Ambaci gari, tsibiri ko dutsen da kowa ya sani, da ɓangaren da kake.

Idan matsala ce da ba ta kai ga rai ba tukuna, kamar inji ya mutu ruwa na jan ku, kalmar ita ce PAN-PAN sau uku, sauran bayani iri ɗaya. Kada ka ji kunyar kira da wuri, tun da sauran rana.

Mai jan maɓalli ya ɗaga murfin, ya danne na kamar daƙiƙa uku har ta yi ƙara. Za ta aika lambarka da wurin da kake ta tasha 70, amma na'urori masu irin wannan tsari ne kawai za su karɓa, don haka dole ka bi da kiran murya a 16.

Hattara: idan yaro ko kuskure ya danna shi, kada ka kashe ka yi shiru. Shiga 16 ka faɗi sunan jirginka, ka ce kuskure ne, an soke. Kiran agaji na ƙarya da gangan laifi ne. Kuma riƙe oba-oba ba izinin tafiyar dare ko lodin wuce kima ba ne, NIWA ta hana duka biyun.

Mataki na 10: Bayan an dawo, da lokacin ajiya

Kashe ta. Batir da eriya da murafai na jiki, ɗauraye ta da ruwa mai tsabta a kwano ko ƙarƙashin famfo marar ƙarfi. Masu aiki a ruwan gishiri, kamar Legas ko Bahar Maliya, wannan wajibi ne kullum, domin gishiri na bushewa ya ci ƙarfe ya daskarar da maɓallai. A kogi kuma laka ce ke toshe ramukan lasifika har murya ta koma kamar ta mai mura. Juya fuskarta ƙasa ka girgiza ruwan ya fita. Na'urorin Icom da yawa suna da tsarin AquaQuake mai kaɗa lasifika ya fitar da ruwa. Goge ta, bar ta ta sha iska a inuwa, sannan caji. Ban da fetur, kananzir ko omo, ban da shanya ta a rana ko kusa da murhu.

Idan ruwa ya shiga cikinta, cire batir nan take, kada ka kunna don ka gani ko tana aiki, kai ta wajen mai gyara.

Idan za ka ajiye ta fiye da wata guda, bar batirin a wajen rabin caji, cire shi daga jiki, ka sa su a wuri mai sanyi da bushewa inda ƙurar hunturu ba ta kaiwa. Duk wata uku ka duba ka ɗan ƙara masa wuta, domin batirin litiyam da ya zube ƙasa gaba ɗaya ya daɗe a haka yana iya ƙin tashi. Ƙananan batura kuma a fitar da su daga gidansu, suna yoyo su cinye ƙarafan. Idan za ka koma ruwa, kwana biyu kafin tafiyar ka cika batir duka biyun, ka sake bin mataki na 3 har zuwa na 7, domin wani a gida yana iya taɓa saitin ba ka sani ba.